Abin da Ya Hana Baba Fesa Koren Fenti

Tun ina da cikin Ummi nake fama da tunanin motar nan. Ba wai ta taɓa yi mini wani abu ba. Tana nan dai a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, an ɗora ta kan duwatsu, babu ko taya ɗaya, tagar ɗakina tana kallonta. Amma in na dubi ƙusoshi da gwangwanayen fenti da baƙin mai da ke zube kewaye da ita, sai in dafa cikina in ce, yanzu a nan abin da zan haifa zai yi rarrafe? Ni dama haka nake. Innata a Dayi takan ce tun ina ƙarama nake tsoron abin da bai iso ba.

Ku da kuka san Baba, surukina, ba sai na faɗi sunansa ba, bakina ma ba zai iya ba. Mai Akori kuke ce masa a nan Ƙarfi, saboda tsohuwar akori-kurar tasa, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ya yi ƙuruciyarsa yana kai auduga Funtua da ita. Da ya ajiye tuƙi sai ya yi rantsuwa sai ya mai da ita yadda take ranar da ta zo hannunsa, korenta shar. Tun kafin a kawo ni gidan yake wannan aiki.

Kun san kuma yadda ake gaida shi. Ba a ganin fuskarsa, ƙafafunsa ake gani. Da an idar da sallar asuba ya sha koko, sai ya shimfiɗa buhu ya sulale ƙarƙashin mota, ƙafafu biyu ne kawai a waje, da jan farce na kwalta. Duk wanda ya zo, mai unguwa ne ko liman, gaban ƙafafun nan zai tsuguna ya yi sallama. Shi kuwa daga can ƙasa takalman mutane yake kallo, kuma da su yake gane kowa. Kafin ka buɗe baki ya ambaci sunanka, ya tambayi iyalinka, ya gaya maka takalminka na hagu ya gaji da kai.

Ni ma haka na fara gaida shi. Da aka kawo ni, Hajiya, surukata, ta riƙo hannuna ina lulluɓe, ta kai ni wurin. Na durƙusa ina jiran in ji muryar dattijo daga sama. Sai na ji murya daga ƙasa tana cewa wannan lallen ba na Ƙarfi ba ne, matan Dayi ne ke kai shi har idon sawu. Ya sa mini albarka mai tsawo, har na fara ƙwalla. Yana kai ƙarshe sai ya ce, "To, 'yar Dayi, tunda kina kusa, miƙo mini buroshin nan." Daga ranar sunana ke nan a bakinsa.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne, duk wahalar nan a inda ido ba ya gani yake yin ta. Shekara da shekaru yana kankare tsatsar cikin motar ta ƙasa, yana shafe ta da narkakkiyar kwalta, lungu-lungu. Abokinsa Alhaji Tanko, wanda tare suka tashi, yakan zo ya zauna kan benci ya yi ta tsokanarsa, wai wa zai kwanta a titi don ya yaba masa aiki. Baba yakan ce mota ta ƙasa take fara mutuwa, ruwan damina da taɓon hanyar gona can suke laɓewa, wanda ya gyara sama ya bar ƙasa kwalliya ya yi wa gawa. Alhaji Tanko ya ce to ai ita ma wannan ɗin ba ta da maraba da gawa. Baba ya ce masa ya tashi daga bencin tunda bencin na gidan mamaciya ne.

Kwaltar nan ita ta haɗa shi da Hajiya. Tana da wata babbar tukunya ta ƙarfe da ba a saukowa da ita sai biki ko suna. Rannan maƙwabta suka aiko aro, aka nema sama da ƙasa ba a gani ba. Hanci ne ya kai Hajiya bayan rumbu, ta same ta kan murhu, kwalta na tafasa a ciki, Baba na juyawa da muciya, muciyar ma tata. Ta tsaya ta riƙe ƙugu. Shi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ba ke kike kukan tana yoyo ta gindi ba? To, ta daina har abada."

Hajiya ta rama, sai dai ba ta ji daɗin ramuwar ba. Baba ba ya yar da sanfefa, takardar nan mai kaushi da yake goge jikin mota da ita. In ya gama sai ya wanke ta da ruwa ya shanya a igiya tare da wankinmu, ya sa mata tsinke kada iska ta ɗauke. Wadda ta suɗe ta zama kamar ƙyalle ma ba ya yarwa, wai ita ce ta goge ƙarshe. Wata rana ɗaya ta ɓace daga igiya. Ya tambayi kowa, kowa ya ce bai gani ba, aka ɗora wa akuya. Bayan kwana biyu Hajiya ta zo wucewa ta gefen motar za ta rijiya. Sai muka ji daga ƙasa, cikin natsuwa, "Hajiya, dugaduganki sun yi sumul, duk kaushin ya tafi. In kin gama da ita ki wanke ki mai da mini igiya." Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, sai da na cusa gefen zani a baki. Hajiya ta ce Allah ya isa tsakaninta da mutumin da bai san fuskar matarsa ba sai dugadugai.

Sai kalmarsa da kowa ya haddace: da saura. Ba ya yarda da ido. Sai ya rufe idanu ya bi abu da tafin hannu a hankali, kamar mai neman ƙaya a jikin yaro, sannan ya ce da saura. Jikin motar ya sha wannan kalma har ba iyaka. Bangon da magini ya yaɓe ya sha ta, sabuwar ƙofar masallaci ta sha ta. Ranar sunan Ummi, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, wanzami ya gama aski aka miƙa wa Baba ita. Mata na leƙe ta taga suka ga ya rufe ido ya ɗora tafin hannu a kanta. Wanzami ya haɗe rai, ya fara gyara zama zai kare kansa. Baba ya daɗe yana shafawa, can ya buɗe ido ya ce wannan kam an gama ta. Daga nan bai ƙara kiranta komai ba sai Uwata.

To, fenti. Ni da na ɗauka in an sayo fenti sai a shafa kawai. A wurin Baba kuwa shekara guda ranakun fenti 'yan kaɗan ne. Cikin damina ba a yi, wai danshi na shiga ƙarƙashinsa ya yi ƙuraje. In an fara girbi ba a yi, ƙaiƙayin sussuka na yawo cikin iska. In auduga ta fashe kuwa ba a ma zancen. Ya taɓa gwadawa shekarar da aka kawo ni, ya fesa murfin gaba da fentin farko mai ruwan toka, wanda suke ce wa firaima, shi ake fara shimfiɗawa don na gaskiyar ya sami wurin kamawa. Bai bushe ba motar auduga ta wuce ta bayan katanga, iska ta kwaso. Kafin azahar murfin ya yi gashi kamar ɗan tunkiya. Alhaji Tanko ya zo ya zagaya shi sau biyu, ya ce madalla, ashe rigar sanyi aka ɗinka mata. Baba ya goge shi tas ya koma farko. Tun daga nan ya tsai da lokaci: ƙarshen damina, in ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba, kafin a sa lauje a gona. In wannan ya wuce, sai baɗi.

Bara ne komai ya kammala. Ƙasan mota ya sha kwalta, lotsawar jiki duk an cike an goge, kalmar da saura ta fara wuya a bakinsa. Ummi kuwa ta fara rarrafe. Abin da na yi ta tsoro, ƙusa ko gwangwani, ko ɗaya bai same ta ba, don Baba da kansa ya kewaye wurin da kara, kullum da yamma yana bin ƙasa da maganaɗisu yana tsince ƙarafa. Ashe abin ta iska zai zo.

Da ruwa ya fara ja baya, ya fesa wa motar duka fentin ruwan toka. Warin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, ya cika ɗakina, har a tuwo ana jin sa. Washegari ƙirjin Ummi ya fara kuka, wani siririn fito in ta ja numfashi, haƙarƙarinta na shiga ciki. Muka kai ta asibiti Malumfashi ni da babanta. Aka yi mata abin shaƙa ta samu sauƙi. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko muna girki a ɗaki, ko akwai wani wari mai ƙarfi a gidan. Da na faɗa mata, ta ce a nisanta yarinyar da shi, in aka sake yana iya fin wannan.

A hanya na ce wa maigidana ya yi wa Baba magana. Sai da muka wuce gada ya amsa. Ya ce tun shi yana makarantar firamare mahaifin nasa yake jiran wannan rana, da wane baki zai ce masa ya fasa? Ya ce mu rufe taga da bargo. Na je wa Hajiya. Ta ce ita ta daɗe tana yaƙi da motar nan, duk abin da ta faɗa zai ɗauka tsohon faɗan ne. Ta ce ko in tafi Dayi da yarinyar kwana kaɗan. Amma in tashi da goyo in bar gida ba biki ba rasuwa, kafin in sauka daga mota an ce na yi yaji, kuma in aka tambayi dalili sunan Baba zai fito. Ga shi fentin ba na yini ɗaya ba ne, shafi kan shafi ne, warin kuma ya daɗe a ɗaki.

Ni kuma in je da kaina? Ku mata kun san abin da nake faɗa. Suruki ne, ko ido ba na haɗawa da shi. Ummi kuma 'yar fari ce, a gaban manya ko sunanta ba na kamawa, in ta faɗi ma sai in kau da kai wata ta ɗauke ta. Yaya zan tsaya gaban uban mijina in ce 'yata, in ce fentinka? Na yi ta haɗa maganar a raina ina warwarewa.

Ranar ta zo, gari ya waye tas, ko ganye ba ya motsi. An kawo injin feshi daga Funtua a bayan a-daidaita-sahu. Baba ya yayyafa wa filin ruwa don kada ƙura ta tashi, ya liƙe gilasai da takardun buhun siminti, ya kori kajin Hajiya ya kulle a akurki. Ya buɗe koren fentin ya haɗa shi da maganin da ke sa shi ƙarfi. Na taɓa ji yana gaya wa Alhaji Tanko cewa in an haɗa, ko a fesa a ranar ko ya daskare a gwangwani. Har ya sa sabuwar hula. Sai ya ce bari ya leƙa ƙasa sau ɗaya kafin a ta da inji, ya sulale.

Ni ina goye da Ummi, na rasa inda zan sa kaina. In fito in nufi wurin, in kai rabi in juya. In koma ɗaki, in ji warin da ya rage a labule, in sake fitowa.

"'Yar Dayi."

Na durƙusa na ce na'am, Baba.

"Ƙafafun nan tun safe suke kai da kawowa. Ba su je rijiya ba, ba su je madafa ba. Me suke nema?"

Na ce ba komai, Baba. Ina rufe baki Ummi ta ja numfashi a bayana, fiton nan ya fito.

Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ya fito daga ƙarƙashin motar don wani mutum ba, sai don sallah. Ranar ya fito. Ya goge hannu a buhu, ya ce in kwance ta. Ya ɗauke ta ya kara kunnensa a ƙirjinta, ya rufe ido, yadda na sha ganin yana saurarar injin babur ɗin mutane. Ita kuwa ta kama sabuwar hular tana ja.

"Uwata, tun yaushe injinki yake wannan kuka ba wanda ya gaya mini?"

Maigidan yana tsaye jikin injin feshi, Hajiya na bakin ƙofa. Baba ya juyo wurina ya ce ni yake tambaya, me suka ce a asibiti. Na dubi ƙasa, na ji kamar ta buɗe in shige. Na ce, "Sun ce warin fenti ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya dubi ɗansa, ya dubi Hajiya, ya nuna ni ya ce ita wannan kunya ce ta ɗaure ta, ya ji, ku fa? Ya ce ashe a gidan nan an ɗauka zai zaɓi ƙarfe ya bar uwarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa Hajiya yarinyar, ya ce wa maigidan ya mai da injin Funtua tun rana ba ta yi ba, a buɗe tagogi, a fito da labule da katifa a shanya.

Saura fentin da aka riga aka haɗa. Kun san Baba da asara. Ya tsaya a kan gwangwanin kamar mai ta'aziyya. Can sai ya rufe shi, ya ɗauki buroshi, ya ɗora a babur ya fita. Sai la'asar ya dawo, gwangwani wayam. Ashe gonar Alhaji Tanko ya tafi, can bayan gari, ya sami amalanken shanunsa a gindin ɗorawa, ya shafe shi tas, har ƙasa, ba tare da ya tambayi mai shi ba. In kun taɓa mamakin yadda aka yi amalanken da ke kwasar taki a Ƙarfi yake ƙyalli kamar motar ango, to, kun ji. Alhaji Tanko ya ce kwana biyu shanun suna ƙin shiga, sun ɗauka ba nasu ba ne.

Da yamma Alhaji Tanko ya zo jin dalilin da ya sa ba a fesa motar ba, mutane sun taru a zaure don an san ranar fenti ce. Ina jin su ta bayan katanga. Baba ya ce iska ce ba ta kwanta ba. Suka ce wace iska, yau ko tutar masallaci ba ta kaɗa ba. Ya ce su ba su san iska ba. Aka yi ta dariya, aka ce Mai Akori tsoron gamawa yake, in ya gama ba shi da wurin kwanciya. Ya bar su suka yi ta yi. Bai ambaci Ummi ba, bai ambace ni ba, don ya san in ya faɗa za a ce sabuwar suruka ta hana tsoho abin da yake so, ko a ce ba ta da kunyar 'yar fari. Har ya koma ga Allah ana yi masa wannan ba'a, bai taɓa gyara zancen ba.

A makon aka sa wa motar tayoyin aro, samari suka tura ta can bayan gida wajen kangon da iska ke kaɗawa gona. Ya kwashe gwangwanayensa duka ya bi ta. Ya ce baɗi, in Allah ya kai mu, a can zai fesa, nesa da hancin uwarsa. Kullum in ya dawo sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya canja riga, sannan ya ce a kawo masa uwarsa. Ya kara kunne a ƙirjinta, ya ce yau injin lafiya lau, a ƙara mata mai.

Bai kai baɗin ba. Da bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ummi yanzu tana gudu ko'ina, ƙirjin ya yi shiru, sai in sanyi ya yi yawa. Wani lokaci takan je bakin ƙofar ɗakinsa ta tsaya ta leƙa, sannan ta dawo ta kama zanina.

Ban yi zurfi a karatu ba, a waya nake haɗa wannan kaɗan-kaɗan in ta yi barcin rana. Na sha wuya kafin in yarda in rubuta, don har yanzu kunyar tana nan. Amma ran sadaka na ji wani a zaure yana cewa Allah sarki Mai Akori, ya tafi bai iya gama motarsa ba, aka yi 'yar dariya ta ƙauna. Ni na san ya iya. Fentin na hannunsa, injin na gabansa, gari ya yi masa yadda yake so.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa ya sanyaya shi. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa ranar da kowa ke neman rufi. Allah ya raya masa uwarsa cikin lafiya.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Motar tana nan a bayan gidanmu cikin ruwan tokarta. In hanya ta biyo da ku ta wurin, kada ku ce ya kasa. Ku ɗan tsaya ku yi masa Fatiha.